Bishiyar da Ta Bushe Bana, Tun Bara Waccan Aka Kashe Ta

Akwai tambayar da duk mai aikin kula da itatuwa ya ji har ta gundure shi: "Wace cuta ce ta kama bishiyar nan, kuma wane magani zan fesa mata?" Mai tambayar yana tsaye, ya ɗaga kai yana nuna rassan sama da suka bushe. Ganyen ya ƙanƙance, inuwar da a da take rufe mota biyu yanzu rana na ratsa ta kamar rariya. Wanda ya san aikin ba ya saurin ɗaga kai. Ƙasa yake fara dubawa, sannan ya jero nasa tambayoyin. Yaushe aka zuba simintin nan? Wa ya haƙa ramin bututu ta wannan gefen? Ƙasar da aka tara a gindin, tun yaushe take nan? Amsar takan zo da mamaki: "Ai wannan ya daɗe, ya kai shekara uku. Me ya haɗa shi da bushewar bana?"

To, shi ne ya kawo ta. Bishiya ba ta nuna ciwo da wuri, domin tana da rumbu. Abincin da ganyenta ke haɗawa ba ta cinye shi duka. Tana mayar da wani sashe sitaci ta ɓoye a cikin katakonta da saiwoyinta. Idan aka datse mata rabin saiwa yau, gobe za a wayi gari ganyenta kore shar, baɗi ma ta yi toho kamar ba abin da ya faru, alhali ajiya take ci. Sai ajiyar ta yi ƙasa sannan ganye ya fara ƙanƙancewa, kan rassa ya fara mutuwa, ƙwari su shigo su ƙarasa. Daga nan sai a ɗora wa ƙwarin laifi, a sayo magani a yi ta feshi, mai ainihin laifin kuwa ya daɗe da kwashe kayan aikinsa ya tafi. Wannan jinkiri tsakanin ɓarna da bayyanarta shi ya sa kula da itatuwan ado, na gida da na bakin titi da na harabar ma'aikatu, yake da wuyar koyo. Mutum ba ya ganin sakamakon kuskurensa a lokacin da zai iya haɗa shi da abin da ya aikata.

Yawancin mutane suna ɗauke da wani hoto a ka: wai saiwar bishiya tana nutsewa ƙasa daidai tsawon da bishiyar ta yi a sama. Akwai itatuwan da suke tura saiwa ɗaya can ƙasa neman ruwa, musamman na busassun wurare, amma aikin yau da kullum ba ita ke yin sa ba. Mafi yawan saiwoyin bishiya suna kwance ne a cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma suna bazuwa nesa, sau da yawa ninki biyu ko uku na faɗin inuwarta. Manyan da ake gani kusa da gindi aikinsu riƙe bishiyar da kai kaya. Masu tsotsar ruwa da sinadarai sirara ne kamar gashi, suna can nesa, a inda mutum yake tsaye yana zaton ya fita daga hurumin bishiyar. Dalilin da ya sa suke zama sama-sama shi ne numfashi. Saiwa tana shaƙar iskar oksijin kamar kowane mai rai, kuma tana samunta ne daga 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Ƙasa mai kyau kusan rabinta fanko ne, iska da ruwa ke cike da shi.

Da zarar an fahimci wannan, abubuwa da yawa sai su warware. Motar da ake ajiyewa kullum a ƙarƙashin inuwa tana danne ƙasar, ƙofofin nan suna toshewa, ruwa ya daina shiga, iska ta daina shiga. Tulin yashi da bulo da ake saukewa a gindin bishiya lokacin gini, haka. Ƙasar da ake zubawa don ɗaga fili ita ce mafi sharri, domin ba wanda yake kallonta a matsayin ɓarna: an kawo ƙasa an ƙara wa ƙasa, ina laifi? Amma saiwoyin da suke santimita 20 daga iska yanzu sun koma 60, kuma idan ƙasar da aka zuba laka ce, an toshe musu hanci ke nan. Shi kuwa ramin bututu ko na harsashin katanga, idan ya wuce kusa da gindi a miƙe, zai iya raba bishiya da kaso mai yawa na saiwoyinta cikin yini guda, ya kuma bar ta ba madogara ta wannan gefen ranar da iska ta taso.

A Birtaniya akwai ƙa'idar da magina ke bi, mai lamba BS 5837, kuma lissafinta mai sauƙin riƙewa ne ga kowa. A auna kaurin gangar bishiyar daga gefe zuwa gefe a tsayin mita ɗaya da rabi, a ninka shi sau 12. Abin da ya bayar shi ne nisan da za a ja da'ira daga gindi, a kewaye ta da shinge kafin a fara aiki. Bishiyar da kaurinta ya kai santimita 50 tana buƙatar mita 6 ta kowane gefe: ba haƙa, ba tara kaya, ba wanke kwanon siminti. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake gini zai ce wannan fili ya yi yawa. Gaskiya ne ya yi yawa ga ɗan kwangila, amma shi ne mafi ƙarancin abin da bishiyar za ta iya rayuwa da shi. Inda ya zama dole bututu ya wuce, haƙa da hannu a zura shi ta ƙarƙashin manyan saiwoyi ya fi a sare su. Birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ya yi suna wajen wata dabara ta itatuwan titi: ana shimfiɗa manyan duwatsu a ƙarƙashin daɓen, su ɗauki nauyin motoci, a cusa ƙasa da gawayi da taki a tsakaninsu, saiwa ta bi ta samu iska da ruwan sama. Dabarar ta nuna cewa kwalta da bishiya za su iya zama tare, idan an yi tunanin saiwar tun kafin a zuba kwaltar.

Wannan duk game da bishiyar da ta riga ta girma ne. Ƙaramar kuwa, sau da yawa ranar dashenta ake rubuta ajalinta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zurfafa ta. Na taɓa yin sa da hannuna, da kyakkyawar niyya: na haƙa rami mai zurfi, na zuba taki a ƙasansa, na nutsar da dashen har rabin ƙaramar gangarsa ya shige, ina cewa ai haka zai fi tsayawa da ƙarfi. Shekara huɗu yana nan kamar an dasa sanda, bai mutu ba, bai girma ba. Da na tone sai na tarar ɓawon da ke cikin ƙasa ya yi laushi ya yi baƙi. Kowace bishiya tana da wurin da gangarta ke buɗewa ta koma saiwa, kamar yadda ƙafa ke buɗewa daga idon sawu. Wannan wurin dole ya kasance a fili, daidai da saman ƙasa ko ma ya ɗan ɗara. Ɓawon ganga an halicce shi don iska, ba ya jure damshi na dindindin. Idan ka ga bishiya ta shige ƙasa a miƙe kamar turken lantarki, ba wannan buɗewar, to an binne mata wuya.

Ramin dashe faɗi yake buƙata, ninki biyu ko uku na dunƙulen ƙasar da dashen ya zo da shi, amma kada zurfinsa ya wuce tsayin dunƙulen. A zaunar da dashen a kan ƙasar da ba a motsa ba, don kada ta lotsa bayan ruwa ta ja shi ƙasa. A mayar da ƙasar da aka haƙo. Mutane suna son cika rami da lallausar ƙasa mai taki, amma idan kewayen laka ce mai tauri, an gina wa saiwa tukunya ke nan: za ta yi ta zagaye a cikin daɗi ta ƙi fita, kuma da damina ramin ya tara ruwa kamar kwatarniya. Kafin dashe yana da kyau a cika ramin da ruwa a tafi. In an dawo washegari ruwan yana nan kwance, wurin ba ya tsanewa, sai a ɗaga dashen a kan tudu ko a nemi irin da ke jure ruwa.

Sai leda. A cire ta gaba ɗaya, kada a tsaya a yaga gindinta kawai. Sannan a duba saiwoyin. Dashen da ya daɗe a leda ko tukunya saiwoyinsa sun nannaɗe suna bin bango, kuma ba za su miƙe da kansu ba. A warware su da yatsa, waɗanda suka ƙi a yanke su da wuƙa mai kaifi. In an bar su, bayan shekara goma ganga ta yi kauri, saiwar da ta zagaye ta ita ma ta yi kauri, sai ta shaƙe ta kamar igiya. Wannan ne ya sa nake ganin ƙaramin dashe mai lafiyayyar saiwa ya fi dogo mai ban sha'awa da ya tsufa a leda. Cikin 'yan shekaru ƙaramin yakan kamo babban ya wuce shi.

Turken da ake ɗaure sabon dashe da shi taimako ne na ɗan lokaci. Kaɗawar da iska ke yi wa bishiya ita ke sa ta kaurara gindi ta ƙarfafa saiwa; wadda aka ɗaure tamau ba ta motsi takan yi tsawo siririya, ranar da aka kwance ta ta rusuna. A ɗaure da tsumma mai faɗi, sako-sako, a cire bayan kamar shekara guda. Wayar ƙarfe kada ta kusanci wurin. Duk wanda ya saba duba itatuwan titi ya sha ganin wayar da aka manta, ɓawo ya haɗiye ta, bishiyar ta kumbura a samanta.

Maganar ruwa tana da fuska biyu, kuma abin haushin shi ne fuskokin sun yi kama. Bishiyar da ƙishirwa ta dama tana yaushi. Wadda ruwa ya yi wa yawa ma tana yaushi, domin saiwarta ta shaƙe ta ruɓe, ba ta iya tsotsa ko da tana kwance cikin ruwa. Mai ita ya ga yaushi, ya ƙara ruwa. Hanyar rarrabewa ba ta wuce tona ƙasa da hannu kamar tsawon yatsa biyu a damƙa a ji. In ta dunƙule da sanyi, a bari. In tana zubewa a bushe, a ba ta. Kuma in za a ba ta, a ba ta sosai a hankali har ya ratsa, sannan a ƙyale ta kwanaki. Yayyafin kullum yana jiƙa fatar ƙasa ne kawai, saiwa ta taru a sama inda rana ke gasa ta. Sabon dashe a kan dunƙulensa ake zuba ruwa, domin nan ne kaɗai yake da saiwa, kuma yana buƙatar wannan kulawa shekara biyu zuwa uku, musamman da rani. Babbar bishiya kuwa zuba mata ruwa a gindi kusan aikin banza ne. Bakinta yana can daidai inda inuwarta ta ƙare, har gaba da nan. Ruwan wanki mai bilic ko gishiri, idan aka mayar da gindin bishiya mazubarsa, sannu a hankali yake ƙona ta, gefen ganye ya fara soyewa.

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya tak da za a yi wa bishiyar ado, zan ce a rufe mata ƙasa. A daji ba wanda yake share ganyen da ya zubo. Yana nan yana ruɓewa, yana riƙe damshi, yana sanyaya ƙasa, yana ciyar da tsutsotsi da wani nau'in funfuna mai amfani da ke manne wa saiwa yana tsawaita mata hannu wajen tsotsar ruwa da sinadarai. Mu kuwa muna share shi ƙal, mu ƙone, mu bar ƙasa tsirara tana tauri kamar daɓe. Busasshen ganye, ɓawon itace ko guntayen katako, a shimfiɗa su kaurin santimita 5 zuwa 10, a faɗaɗa iya yadda fili ya bari. Sharaɗi ɗaya: kada su taɓa gangar. A bar tazarar tafin hannu. Wasu suna tula su a jikin gindin kamar sun gina ɗan tsauni, sun dawo da matsalar binne wuya ta wata ƙofar. Wannan shimfiɗa tana kuma raba bishiya da ciyawar ado, wadda kishiya ce ta gaske ga ƙaramin dashe wajen ruwa, kuma tana nesanta injin yanke ciyawa daga gindin.

Batun injin nan ba ƙarami ba ne. Ran bishiya yana ƙarƙashin ɓawo ne, a wani siririn shimfiɗi mai damshi. Ta nan abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa, kuma nan ne ake ƙera sabon katako kowace shekara. Can tsakiyar babbar bishiya mataccen katako ne, shi ya sa ake ganin mai kogo tana ganye lafiya lau. Amma a kankare ɓawo ya zagaye ganga, ko da faɗin yatsa ne, an yanke wa saiwa abinci, sau da yawa mutuwa ce ke biyo baya. Zaren injin da ke dukan gindi kowane mako, igiyar shanya, sarƙar da aka ɗaura, wutar shara da aka hura kusa, duk wannan siririn wuri suke ci.

Taki fa? A nan ma akwai rashin fahimta, domin ana kiransa abincin bishiya. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam ta yau, Jan Baptist van Helmont, ya dasa ɗan itace mai nauyin kilo biyu da ɗoriya a tukunya mai ɗauke da busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90. Shekara biyar ruwa kawai yake ba shi. Da ya auna, itacen ya kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. An buga labarin gwajin a 1648, bayan rasuwarsa. Shi ya ɗauka ruwa ne ya zama katako. Daga baya aka gano cewa kaso mai tsoka daga iska yake zuwa, ganye ne ke kama ta da taimakon hasken rana. Ma'ana, ganye ne madafar bishiya, abin da take ɗauka daga ƙasa bai wuce gishirin miya ba. Bishiyar da saiwarta ta shaƙe, zuba mata takin zamani bai da bambanci da ɗura wa wanda aka shaƙe tuwo. Yawan naitirojin ma yana fitar da toho mai laushi wanda darɓa ke rububi. Akwai lokacin da ƙarancin sinadari gaskiya ne: ganye ya yi ɗorawa amma jijiyoyinsa na nan kore, sau da yawa alamar bishiyar ta kasa samun sinadarin ƙarfe ce, kuma a kusa da gine-gine ɓaraguzan siminti da aka binne ne suke sauya ƙasar har ta riƙe shi. Gwajin ƙasa ne zai tabbatar, ba hasashe ba.

Yanzu sai mu ɗaga kai sama, wurin adda da zarto.

Wani masanin cututtukan itatuwa a hukumar gandun daji ta Amurka, Alex Shigo, ya shafe shekaru yana tsaga dubban itatuwa a tsaye da zarton inji don ya ga abin da ke faruwa a ciki bayan rauni. Abin da ya fito da shi, wanda aka wallafa a 1977, ya sauya aikin baki ɗaya. Bishiya ba ta warkewa irin ta mutum. Fatarmu in ta yanke, sabuwa ke maye gurbinta. Katakon da ya ji rauni kuwa ya ji ke nan har abada. Abin da bishiya ke yi shi ne ta kewaye wurin da katanga ta sinadarai daga ciki, ta killace ruɓar, sannan ta ci gaba da ƙera sabon katako a kansa har ta rufe shi. Saboda haka duk sara da aka yi mata tana ɗauke da shi, kuma tambayar kawai ita ce ko katangar za ta riƙe.

Daga nan ne ƙa'idar yankan reshe ta fito. A duba inda reshe ya haɗu da ganga, za a ga ɗan kumburi kamar zobe. A cikin wannan zoben ne bishiya ta tanadi katangarta. Idan aka yanke reshe daf da bayansa aka bar zoben, raunin yana rufewa a zagaye. Idan aka shafe shi daidai da ganga don wurin ya yi kyan gani, an rushe katangar, ruɓa ta samu hanya zuwa cikin gangar. Idan kuma aka bar dogon dungu, bishiyar ba ta iya rufe shi, ya zama gadar da ruɓa ke bi ta shiga. Reshe mai nauyi sau uku ake yankansa: a fara ɗan tsaga shi ta ƙasa, kamar santimita 30 daga ganga, sannan a yanke ta sama gaba kaɗan da wurin har ya faɗi, sai a dawo a cire dungun a bakin zoben. Tsagar farko ita ke hana reshen ya ɗaye ɓawon ganga lokacin da yake faɗuwa. Adda ba ta iya wannan aiki. Tana farfasa wurin ne. Zarto mai kaifi ake so.

Binciken ya kuma rushe wata tsohuwar ɗabi'a, ta shafa fenti ko kwalta ko baƙin mai a kan rauni. Ba sa hana ruɓa, wani lokacin ma damshi suke riƙewa a ƙarƙashinsu. Haka cika kogo da siminti: bishiya tana lanƙwasa da iska, siminti ba ya lanƙwasa, sai ya yi ta gurzar katangar da ta gina daga ciki. Garin neman gira a rasa ido. Farar ƙasar da ake shafa wa gindi tana iya kare siririn ɓawon ƙaramin dashe daga ƙunar rana, amma a jikin babbar bishiya ado ne kawai.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a wannan fage maganar ba karin magana ba ce, umarnin aiki ce. Reshen da bai fi kaurin yatsa ba, in an cire shi da almakashi, raunin ya rufe cikin shekara. Shi ɗin dai in an bar shi shekara goma sha biyar, cire shi zai bar rami kamar faranti. Abin da aka fi nema a ƙaramar bishiya shi ne kai biyu masu gasa da juna. Idan rassa biyu masu kauri ɗaya suka tashi a matse kamar yatsu biyu a haɗe, ɓawo yana shiga tsakaninsu ya hana su manne da gaske, kuma nan ne babbar bishiya ke tsagewa gida biyu ranar hadari. Haɗin da ya buɗe kamar tsakanin babban yatsa da manuniya shi ne mai ƙarfi. A zaɓi kai ɗaya tun da wuri, a rage wa ɗayan tsawo.

Mafi munin abin da ake yi wa itatuwan gari, a ganina, shi ne gundule musu kai: a hau a sassare duk manyan rassa a bar dungaye, wai bishiyar ta yi tsawo ana tsoron faɗuwarta. An kwashe mata madafa gaba ɗaya, don haka sai ta fasa rumbu ta fitar da toho barkatai don ceton rai. Mai gida ya ga ta yi cunkus da ganye ya ce ai ta ji daɗin askin. Amma waɗannan sababbin rassa a fatar dungun suke manne, ba su da tushe a cikin katako, kuma dungun da ke ɗauke da su yana ruɓewa. Bayan 'yan shekaru tsawon ya dawo, rassan sun yi nauyi a kan ruɓaɓɓen wuri. An gudu gara an faɗa gidan zago. Akwai salon da ake gani a titunan Landan da Faris wanda ya yi kama da wannan, amma daban yake: tun bishiyar tana ƙarama ake farawa, kuma a wuri ɗaya ake yanke tohon a kai a kai, har wurin ya zama dunƙule mai katangarsa. Ga sauran itatuwa, ma'aunin da aka saba bi shi ne kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganye a shekara, tsohuwar bishiya ma ƙasa da haka sosai. Bishiyar da za ta kai mita 20 kuma aka dasa ta ƙarƙashin wayar lantarki, ba askin da zai gyara wannan. Kuskuren na ranar zaɓen iri ne.

Ƙwari da cututtuka na gaske suna nan, ban ce babu ba. Gara tana cin ƙananan dashe, musamman turare idan fari ya galabaitar da shi, amma a babbar bishiya galibi mataccen katako take bi, ta zo ne bayan ɓarna. Kauci yana tsotsar ruwan reshen da ya hau, tsuntsaye ne ke yaɗa shi, kuma tsinke ganyensa ba ya kashe shi, sai an cire reshen daga can bayan inda ya kama. Feshin da ba a san abin da ake fesa wa ba yakan kashe ƙwarin da ke cinye masu ɓarnar, har da zuma.

Annobar da ta fi tsoratarwa kuwa tsarin shuka ne ke buɗe mata ƙofa. Garuruwa da yawa a Amurka da Turai sun jera titunansu da bishiya iri ɗaya mai suna elm, don kyan inuwarta. Da wata cutar funfuna ta zo, wadda wani ɗan ƙwaro mai huda ɓawo ke ɗauka, sai ta bi layi, har ta saiwoyin da suka manne da juna a ƙarƙashin ƙasa take tsallakawa. A Birtaniya kaɗai ta kashe fiye da miliyan 25 daga ƙarshen shekarun 1960. Wurare da dama a Amurka suka maye gurbin da bishiyar ash, sai ga wani koren ƙwaro daga Asiya da aka gano a jihar Michigan a 2002, ya kashe miliyoyinsu. A 1990 wani masani mai suna Frank Santamour ya ba da shawarar kada iri ɗaya ya wuce kashi 10 cikin ɗari na itatuwan gari, dangi na kusa kada su wuce 20, babban gida ɗaya kada ya wuce 30. Mai fili ɗan ƙarami ba sai ya yi wannan lissafin ba. Ya isa in zai dasa shida, kada duka shidan su zama abu ɗaya.

Akwai alamomin da ba a jira da su: laimar kwaɗi ko wani abu mai kama da faifai da ya tsiro a gindi, ƙasar da ta ɗaga ta tsage a gefe ɗaya, karkatar da ba a saba gani ba, tsaga a mahaɗar manyan rassa, ko babban busasshen reshe a saman inda mutane ke zama. Waɗannan aikin gwani ne mai igiya da kayan hawa, kuma wani lokacin hukuncinsa shi ne a sare.

Wadda ba ta kai nan ba, wadda kawai ta ƙanƙance ganye ta bushe a kai, tana iya dawowa. A tone ƙasar da aka tara mata har buɗewar gindinta ta fito fili, da hannu, ba da diga ba. A ɗauke motar daga ƙarƙashinta. In da hali a fasa simintin da ya matse ta, a shimfiɗa busasshen ganye, a ba ta ruwa mai ratsawa da rani, a cire matattun rassa kawai a bar duk mai ganye. Sannan a jira, domin jinkirin da ya ɓoye ɓarnar shi ne zai ɓoye gyaran. Shekarar farko da wuya a ga wani canji, wasu rassan ma za su ci gaba da mutuwa. A damina ta biyu ko ta uku ne ake tsinko ganye daga sabon toho, a gwada shi da na bara, a ga ko ya fi shi faɗi.